Saurayin da Bajen Ta Kawo Ba Ya Hawa Tsani

Ku matso kusa, 'yan uwa, don abin da ya same ni a makon nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Wadda ba ta san ni ba, sunana Dibor Faye, 'yar Nianing ce ni, nan bakin teku kudu da Mbour. Ranakun aiki ina zaune a teburin karɓar baƙi na wani otal, ina murmushi har kumatuna su yi tsami. Ranar hutu kuwa sai in goya inji mai farfela a bayana, in shimfiɗa lema a kan rairayi, in ruga a guje har ƙafafuna su daina taɓa ƙasa. Sunan abin paramoto, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa kiransa haka. Papa yana ce masa babur ɗin aljanu. Yay, wato mahaifiyata, ba ta ma ambatonsa, sai dai ta ce "abin nan naki". Bajen Ndew kuwa, yayar Papa, fanka take ce masa.

Kun san dai a wajenmu auren 'ya mace a hannun bajen yake, wato 'yar'uwar uba. To ni Allah ya haɗa ni da wadda ba a yi mata musu. Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Mbour, kuma tun daga bakin tasha za ka hango ɗaurin ɗankwalinta ya ɗara na kowa tsawo. In ta shigo gida, ƙamshin turaren wutarta ne ke fara yin sallama. Papa da ya yi rayuwarsa a kwale-kwale, ya kuma yi kokawa a ƙuruciyarsa, in ya ji wannan ƙamshi sai ya rage muryar rediyo.

Samari sun zo, ba wai ba su zo ba. Akwai wani ma'aikacin kwastan da ya leƙa ɗakina ya ga inji a jingine kusa da gado, tun daga ranar wayarsa ta daina shiga. Akwai malamin makaranta da ya ce in zaɓa, ko shi ko lema, na kuwa zaɓa masa nan take. Duk wanda ya tafi, sai Bajen ta zo ta zauna a kan kujerar roba a tsakar gida, ta yi ta faɗa har shayi ya huce. Maganarta kullum ɗaya ce, wai namiji yana son matar da zai dawo ya tarar a gida, ba wadda zai ɗaga kai ya nema a cikin gajimare ba.

Sai ta yanke shawarar nemo mini da kanta. A kasuwa tana da maƙwabciyar rumfa, Goggo Dado, Batukulora mai sayar da atamfa. Tukulor abokan wasanmu ne mu Serer, don haka tun kafin a haife ni ita da Bajen suke zagin juna kullum safiya, kuma kwano ɗaya suke cin abincin rana. Goggo Dado tana da ɗan ɗan'uwa mai kantin magani, sunansa Bocar Wane. Su biyun suka gama ƙulla komai a tsakanin kifi da atamfa, sannan aka sanar da ni.

Ranar da zai fara zuwa, Bajen ta sa aka kai injina ɗakin ajiya, aka lulluɓe shi da tabarma, aka ɗora masa kwandon albasa. Ni kuma aka cusa ni cikin shadda ruwan zuma mai aikin zare a wuya, aka ɗaura mini ɗankwali har kunnuwana suka yi zafi, aka turara ni kamar ɗakin amarya. Bajen ta kama haɓata ta ce in na kuskura na ambaci fanka, ita da ni ne.

Da ya shigo sai da ya sunkuya a ƙofa. Dogo ne siriri, da tabarau da farin kaftani, yana ƙamshin sabulu. Papa ya tare shi da cewa madalla, bawansa ya zo gaishe da ubangidansa. Na ɗauka zai daburce, sai ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce ya zo ne ya duba ko Serer sun koyi bar wa baƙo shinkafa a kwano. Papa ya yi dariya har da buga cinya. Ni dai ina sunkuye ina zuba zoɓo, amma na ce a raina, to, wannan yana da baki.

Da na raka shi bakin ƙofa na kasa haƙuri. Na ce masa akwai abin da ba a faɗa masa ba, ni ina tashi sama. Ya gyaɗa kai cikin tausayawa, ya ce ba komai, yayarsa ma haka take da saurin fushi, amma ba ta riƙo.

Na ciro waya na nuna masa bidiyo. Ga ni can sama da kukoki, ƙafafuna suna reto, shanu a ƙasa kamar tururuwa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Masha Allah," ya ce. "Tun ina yaro nake mafarkin irin wannan."

'Yan uwa, ku faɗa mini gaskiya, wace ce za ta ji wannan ba ta narke ba?

Daga nan waya ta ɗauki zafi. Kullum safiya saƙonsa ne ke tashe ni: "Kin tashi lafiya? Ya iskar yau?" Da rana sai tambayoyi su biyo baya. In inji ya mutu a sama fa? Na rubuta masa cewa lema ba ta damu da inji ba, a hankali za ta sauko da mutum, shi ya sa ba ma bi ta inda babu filin sauka. In igiya ta tsinke fa? Na ce igiyoyin suna da yawa, kuma kowace sai na bi ta da yatsa kafin in tashi. In lemar ce gaba ɗaya ta naɗe fa? Na ɗauki hoton lemar ko-ta-kwana da ke ɗaure a gefen kujera na tura masa. Ya turo hoton hannu biyu na addu'a har guda uku. Ni kuwa ina can bayan tebur ina ta murmushi ni kaɗai, wai na sami mai sha'awar abin da nake so. Rannan ya aiko mini da man kare zafin rana da maganin ɗigawa a ido, da 'yar takarda ya rubuta "domin matuƙiya". Ban san sau nawa na saurari saƙon muryarsa da yake ce mini in kula da kaina ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo cin abinci. Yay ta yi cebujen da ya amsa sunansa, shinkafa ta yi ja, ga kifi an cusa masa yaji, ga rogo da kabeji da yalo. Muna zagaye da kwano sai Bajen, wadda ta riga ta gano na tona asirin, ta yi gyaran murya ta ce kada Bocar ya damu, ranar da danginsa suka kawo goro, ranar za a sayar da fanka.

Kafin in yi magana Bocar ya ce a'a, shi bai ga dalilin sayarwa ba, abin ma burge shi yake yi. Papa ya ajiye cokali ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce burgewa daga ƙasa ai ba wuya, shi ya san Tukulor, ko jaki suka hau sai jiri ya kwashe su. Bocar ya yi dariya, amma na ga ya gyara zama.

"Ranar Lahadi zan hau, Papa," ya ce. "Ita za ta tuƙa ni."

Na ji kamar in tashi in yi rawa a gaban kwanon.

Filin kulob ɗinmu yana bayan gari, tsakanin kukoki da bakin ruwa. Mai kula da shi Tonton Latir ne, tsohon makanikin jiragen soja, shi ya koya mini tashi tun ina mai naɗe wa mutane lema. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce a'a, ko gwamna ne sai ya sauka daga kujera. Fasinja ba a goyon baya ake ɗaukarsa ba, akwai keke mai taya uku da kujera biyu, baƙo a gaba, matuƙi a baya, injin a bayansu duka cikin kejin ƙarfe. Sai da na sha jarrabawa ta daban kafin hukumar jiragen sama ta yarda in ɗauki mutum a kai.

Da sassafe na isa, don mu da safe ko da yamma muke tashi, iskar tsakar rana ba ta da amana. Na duba fulogi, na duba mai, na shafa farfela ko akwai tsaga, na ja kowace ɗamara. Tonton ya buga waya ya sanar da masu kula da sararin sama cewa za mu yi shawagi a yankinmu. Ina cikin warware igiyoyi na ji ƙarar kofato. Na ɗaga kai sai ga amalanken doki cike da mutanen gidanmu: Papa da hularsa ta saƙa, Yay da carbi, Bajen da Goggo Dado sun zauna baya da baya, ga kujerun roba, ga murhun shayi, ga kwanon ƙosai. Tonton ya ja layi a rairayi da ƙafarsa, ya ce duk wanda ya tsallake sai ya koma gida, don farfela ba ta san suruki ba.

Sai ga Bocar. Wayyo, Bocar. Babbar riga ya sako, shadda shuɗiya ta sha sitaci, tana ƙara in ya motsa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tonton ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce da wannan rigar ba sai an shimfiɗa lema ba. Aka kai shi bayan kwantenar da kulob ke ajiye kaya aka ba shi rigar aiki ta kulob, irin mai haɗe da wando. Da ya fito, ƙafar wandon a tsakiyar ƙwaurinsa ta tsaya, hannun rigar kuma a gwiwar hannu. Papa ya kusa faɗowa daga kujera.

Na zaunar da shi, na sa masa hular kwano, na fara ɗaure shi. Da na zo ɗamarar ƙirji, sai na ji zuciyarsa tana dukan bayan hannuna kamar ana daka. Leɓɓansa sun bushe. Aljihun rigar ya kumbura, na taɓa na ji fakitin ƙwayoyi, wai na hana amai ne da na hana jiri. Ya riƙe ƙarfen gefe da ƙarfi har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Tonton yana da doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Kafin a kunna inji, matuƙi zai sunkuya ya tambayi fasinja a hankali, inda 'yan rakiya ba za su ji ba, ko da son ransa zai hau. Kuma ba bakinsa za ka saurara ba, idonsa za ka duba. Mutumin da aka tunzura ya hau, shi ne yake cafko igiya a sama ya jawo wa kowa bala'i.

Na sunkuya na tambaye shi. Ya ce e. Amma idon da zan duba babu shi, ya runtse su gam, alhali ko injin ba a kunna ba.

A nan ne duk tambayoyin nan na waya suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na gane abin da suke nufi. Na tsaya riƙe da ɗamara. In na tashi da shi, na karya abin da aka koya mini. In na ce ya sauka, na tsiraita shi a gaban Papa, kuma Papa zai yi ta ba da labarin nan har jikokinsa. Sai na taka zuwa wajen ƙyallen da ke nuna mana iska, na tsaya ina kallonsa ina ɓata fuska, na dawo na ce iska ta juya, yau ba tashi.

Tonton ya dubi ƙyallen, ya dube ni. Papa kuwa ya juya ya kalli hayaƙin matan da ke bandar kifi can bakin ruwa, yana tafiya a hankali ba ko karkata. Ya ce shi dai a ganinsa wannan iskar ko kaza aka jefa sama za ta kai har garin Joal, amma tunda masu lasisi sun faɗa, shi ke nan.

Da an bar maganar a nan, da ta wuce. Sai na ji ƙarar maɓallin ɗamara a bayana. Bocar ya sauko, ya cire hular kwano ya rungume ta a ƙirji, ya tako har bakin layin Tonton da ƙwaurinsa a waje.

"Papa, iska ba ta yi laifin komai ba," ya ce. "Dibor rufa mini asiri take yi. Ni ne nake tsoro. Ko tsanin kantina ba na hawa, duk maganin da ke saman kanta sai dai abokin aikina ya ɗauko. Ban taɓa leƙa ƙasa daga bene ba. Na ce ina so ne don na ga in ban faɗi haka ba za ta sallame ni kamar sauran." Ya juyo ya dube ni. "Ba na so a sayar da injinta. Ta yi ta tashi. Ni dai a ƙasa zan jira ta."

Ban san me ya faru da ƙirjina ba, 'yan uwa. Mutum yana tsaye cikin rigar da ta yi masa kaɗan, gumi yana bin tabaraunsa, ni kuma ban taɓa ganin namijin da ya yi mini kyau kamarsa ba.

Papa kuwa tuni ya miƙe. Ya soma takun 'yan kokawa a kan rairayi, yana juya kafaɗa, yana kiran kakannin Serer ɗaya bayan ɗaya su zo su ga yadda Batukulor ya faɗi tun ba a kama shi ba. Yay tana cewa ya isa haka, amma ita ma tana rufe baki da gefen mayafi.

Goggo Dado ba ta yi dariya ba. Ta bari sai da ya gama, ta kurɓi shayinta, ta ajiye ɗan kofin a hankali.

"Wali, ka gama?" ta ce da Papa. "Nawa ɗan ko ba komai ya zauna a kujerar. A cikinku jaruman Serer, wa ya taɓa hawa? 'Yarku ce fa. Ku da kuka haife ta ba ku yarda ku ba ta ranku ba, sai ɗan mutane kuke wa dariya."

Ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don ta taɓa inda ban taɓa nuna wa kowa ba. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa zuwa filin nan daga gidanmu ko don kallo. Ranar da na karɓi lasisi, Yay cewa ta yi in ajiye shi inda baƙi ba za su gani ba.

Papa ya dafa ƙugu ya ce ai kowa ya san ciwon bayansa. Yay ta ce likita ya hana ta duk abin da zai tayar mata da hawan jini. Sai muka ji kujerar roba ta yi ƙara. Bajen Ndew ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce ba za ta koma kasuwa gobe Dado tana yi mata wannan kallon ba.

Tonton ya auna ta da ido, ya tambaye ta ko tana da ciwon zuciya, ta ce ita take sa wa mutane. Ya ce to, amma ɗankwali ba zai hau ba, zani ma haka. Nan aka yi ta. Tun rasuwar mijinta ba wanda ya taɓa ganin kan Bajen a buɗe. Sai da Yay da Goggo Dado suka kare ta da mayafi, aka warware wannan gini, aka ɗaura mata ɗan ƙaramin kallabi, aka cire 'yan kunne da awarwaro. Rigar kulob ba wadda ta shige ta. Aka rasa wando, sai Goggo Dado ta tuna da na babbar rigar Bocar da ke rataye a bayan kwantena. Haka Bajen ta fito, hular kwano a kai, wandon shaddar saurayina a ƙasa an naɗe ƙafafunsa, tana tafiya kamar mai zuwa karɓar bashi.

Na ɗaure ta, na sunkuya na yi mata tambayar Tonton. Idonta a buɗe tar, cikin nawa.

"Tsoro nake ji kamar in mutu," ta ce. "Kunna fankar."

Na duba baya na tabbatar ba kowa kusa, na tayar da inji. Na ba shi wuta, lema ta taso daga ƙasa ta tsaya a kanmu, na ɗaga kai na ga igiyoyi sun miƙe daidai, na ƙara totur. Keken ya yi ta tsalle a kan rairayi, can sai tsallen ya ɗauke. Akwai na'urar magana a cikin hulunan, don haka duk abin da ta faɗa a kunnena yake sauka. Ta karanto duk surar da ta sani, ta koma kiran sunan mahaifiyarta, ta yafe wa mutum uku da ta ambaci sunansu, ta janye yafiyar ɗaya daga ciki. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara leƙen kafaɗarta ko suma ta yi.

Can ta ce, wancan tarin kwanon rufi Mbour ne? Na ce shi ne. Ta ce in karkata can, tana so ta ga ko yaran nan sun buɗe mata rumfa ko suna can suna danna waya. Na ce ba a yarda mu bi ta saman gari ba, balle kasuwa, kuma gaba da can hanyar manyan jirage ce. Ta ce ita ce take ba ni umarni.

"Bajen, a gida ke ce mai magana," na ce. "A nan kuwa ni ce."

Na jira tsawa. Sai na ji ta ce, "To." Tunda nake, ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta zuwa gare ni ba.

Na bi da mu gefen ruwa, ban shiga ciki ba. Rana ta ɗan ɗaga, kwale-kwale masu fenti suna dawowa, tsuntsaye suna bin su. Daga ƙasa teku layi ne kawai a gaban mutum. Daga sama kuwa ba shi da ƙarshe. Bajen ta daɗe tana kallonsa. Mijinta masunci ne, ya fita wata safiya tun ina goye, ba a ga ko katakon jirginsa ba. Ba ta taɓa yin maganar a gabana ba.

"Ashe haka yake da faɗi," ta ce, ba da ni take ba. "Ni kuwa na yi ta jin haushin waɗanda suka je nema."

Na sassauta inji don ƙarar ta ragu, muka yi ta tafiya a hankali. Sai da ta ja hanci, ta ce iska ce ta shiga mata ido, kuma in juya haka nan, ƙafarta ta fara sanyi.

Saukar da na yi, ko Tonton sai da ya gyaɗa kai. Na kashe inji, lema ta kwanta a bayanmu. Na kwance Bajen, ta miƙe, ta koma ta zauna daɓas a rairayi. Kowa ya tsallake layi ya yo kanta. Ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce abu biyu za ta faɗa. Na farko, ita da hawa wannan abu har abada. Na biyu, yarinyar nan ta san aikinta, kuma duk wanda ya sake maganar sayar da fanka, da ita zai yi.

Na ji hawaye yana zuwa. Bocar ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata ruwa. Ta karɓa ta sha, ta dube shi tun daga tabarau har ƙwauri, ta juya wajen ƙawarta.

"Dado, kwashe ɗanki," ta ce. "Ba zan ba da 'yata ga namijin da tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fi shi zuciya ba."

Da wandonsa a jikinta ta faɗi haka, da shi kuma ta hau amalanke ta tafi gida.

Na bi ta har ɗakinta da yamma. Na ce mata tsayawa gaban Papa a faɗi gaskiya irin wannan ai shi ma zuciya ce. Ta ce wannan baki ne, kuma Tukulor dama ba su rasa shi ba. Na tuna mata ita ta kawo shi. Ta ce lokacin ba ta san darajar kayanta ba, yanzu ta hau ta gani da idonta. Papa da na zaci zai goyi bayanta, sai ga shi yana cewa shi fa yaron ya kwanta masa, a ina zai sake samun surukin da zai riƙa tsokana kullum? Bajen ta dube shi sau ɗaya, ya rage muryar rediyo.

Bocar kuwa shiru. Ba "ya iskar yau", ba komai. Na yi ta buɗe waya ina ganin yana kan layi, shi ma na san yana ganina. Da abin ya ishe ni na ajiye kunya na rubuta: "Mai jira a ƙasa, ina ka shiga?" Na ga yana rubutu yana gogewa, yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe: "Na ɗauka kin gama da ni." Na rubuta: "Wandonka yana gidanmu. Yay ta wanke ta goge." Ya turo fuskar dariya mai hawaye, ya ce zai zo ranar Alhamis da yamma ya ba Papa haƙuri a kan ƙaryar da ya yi, in an bar shi ya shiga.

Jiya ke nan. Na taso daga aiki da wuri, na tsaya na sayi turare, ina tafe ina tsara yadda zan shawo kan Bajen. Ina shan kwanar gidanmu na ga wani babur da ban sani ba a ƙofa, an ɗaure masa nannaɗaɗɗiyar igiya mai kauri da hular kwano ruwan ɗorawa. A bakin falo ga wasu takalman aiki, kowanne ya kai kwale-kwale. Ƙamshin turaren Bajen ya cika tsakar gida, ina jin ƙarar kofunan baƙi, waɗanda ba a fito da su sai da dalili.

"Dibor ce?" Muryarta ta fito daga ciki, da wani irin daɗi da ban saba ji ba. "Sa shaddarki ki zo ki gaishe da baƙo. Sunansa Diegane, ɗan Serer ne tsantsa. Dogayen ƙarafan nan na sabis ɗin waya, shi yake hawa har ƙololuwa ya gyara."

Ina tsaye riƙe da jaka, wayata ta yi motsi a hannuna. Bocar ne.

"Ina bakin layinku. Na ga babur a ƙofa. In ƙaraso ko in koma?"

Na dubi takalman nan, na dubi labulen falo yana motsi, na ji Bajen ta sake kiran sunana, wannan karon babu daɗin. Na goge tafin hannuna a jikin siket na rubuta masa:

"Ƙaraso. Ka ajiye takalminka kusa da nasa."